Daga Dablin zuwa Belfas: ƙasar da kowane gari yake da nasa Turancin

Duk wanda yake taƙama wai ya sha Turanci ya ƙoshi, a saka shi a jirgi a kai shi kasuwar tumaki a lardin Keri na ƙasar Ayalan, a haɗa shi da dattijo ɗaya na ɗan lokaci, in ya fito da kanun zancen ma ni zan biya kuɗin jirgin. Tsibirin nan gaba ɗayansa murabba'in kilomita 84,000 ne da 'yan kai, mutanen cikinsa in ka haɗa kudu da arewa wajen miliyan 7, amma kana yin tafiyar awa ɗaya a mota bakin mutane zai canza, kuma su kansu daga gaisuwa kawai suke gane lardin da mutum ya fito, wani lokacin har unguwarsu.

Ƙanena likita ne a wani asibiti a Dablin, ya daɗe yana naci in zo in ga yara, sai a watan Yuni Allah ya nufa. Ga mai niyyar zuwa, bizar Ayalan daban take, bata cikin Shengen, wato bizar bai ɗaya ta ƙasashen Turai, kuma in kana son leƙa Belfas sai ka nemi ta Birtaniya ita ma, dan arewacin tsibirin a hannun Landan yake tun rabuwar 1921. Ta Istanbul na bi. Lokacin rana bata faɗuwa sai wajen goma na dare, isha'i kam sai ka yi ta gyangyaɗi kana jiranta.

Wanda ya fara buɗe min kunne direban tasi ne daga filin jirgi, ɗan arewacin kogin Lifi, irin waɗanda kaka da kakanni a cikin garin aka haife su. Shi ba Dablin yake cewa ba, "Dublin" yake cewa da u sak kaman yana karanta Hausa. Wannan th ɗin da malamai suka sha wahalar koya mana mu saka harshe tsakanin haƙora, shi ko a jikinsa, uku "tiri" ce, wannan "dis", wancan "dat". Kuma yana jan kalma mai gaɓa ɗaya ta koma biyu, makaranta "sukuwul", lokaci "toyim". Kafin mu isa gida ya bani labarin tsadar haya, ya zagi gwamnati, ya tambayeni ko akwai ruwan sama a garinmu, ya faɗa min ƙungiyar ƙwallon da yake so da wadda babansa yake so, ni dai ina ta gyaɗa kai ina kama rabi ina sakin rabi. Irin wannan bakin zaka ji sosai a titin Moore, inda mata masu sayar da kayan lambu da 'ya'yan itace suke kiran ciniki, sana'ar gado ce a wajensu, yanzu kuma ga shagunan 'yan Najeriya da mahautan halal a gefensu. Masu kallon dambe, ku tuna bakin Conor McGregor, ɗan unguwar Crumlin ne, toh dangin wannan ne.

Ka tsallaka kogi ka gangara Ballsbridge da Donnybrook, unguwannin da lambar gidan wayarsu Dablin 4 ce, inda ofisoshin jakadanci da gidan rediyo da talabijin na RTÉ suke, sai kaji wani Turancin daban mai maiƙo, baki a zagaye, jirgin ƙasan bakin teku da kowa ke kira Dart su "Dort" suke cewa, har tsokanarsu ake yi da haka. Wani masanin harshe Raymond Hickey yayi rubutu a kai, cewa daga wajen shekarun 1990, lokacin da kuɗi suka fara shigowa ƙasar, matasa masu hali suka dinga janye lafazinsu nesa da na talakan cikin gari da gangan dan kar a haɗa su. Gaskiya ni wannan bai burgeni ba, shi yafi sauƙin ganewa kam amma ba gishiri, rabi Amurka rabi Landan. Kuma ya nuna min suma suna da nasu girman kan, yaron da ya taso a filat ɗin gwamnati in yaje neman aiki bakinsa na iya rage masa maki tun kafin a duba takardunsa, matar ƙanena ce ta faɗa min haka kuma ita ba mai ƙarin gishiri bace.

Yaran gidan kuwa abun dariya abun mamaki. Babbar ta rungumeni tace "Baffa sannu da zuwa" da Hausarta mai ɗan tsami, tana juyawa wajen ƙaninta sai ga bakin direban tasi nan ya fito tsaf. Haka 'ya'yan 'yan Najeriya suke a can. Rhasidat Adeleke mai gudun mita 400, wadda tazo ta huɗu a gasar Olamfik ta Faris a 2024, 'yar Tallaght ce, in ka rufe ido tana hira bazaka taɓa cewa iyayenta daga Najeriya suke ba. Ranar Juma'a a masallacin South Circular Road, wanda da can coci ne, bayan an sallame naji samari 'yan Sudan da Pakistan da Somaliya suna musun ƙwallo a bakin ƙofa, dukkansu da bakin Dablin, iyayensu kuma a gefe kowa da nasa Turancin da ya taho dashi.

Daga tashar Heuston na hau jirgin ƙasa zuwa Kork, awa biyu da rabi da ɗan ɗori. Nan fa na fara jin daɗin tafiyar. Mutanen Kork basa magana, rera ta suke yi, murya ta hau sama ta sauko ta sake hawa a cikin jimla ɗaya, ga sauri, kuma kusan kowace magana sai an rufe ta da "laik" ko "bai", wato yaro, ko da wanda ake yiwa maganar ya haifi mai yinta. A kasuwar da suke kira English Market, wadda take ci tun 1788 kuma Sarauniya Elizabeth ta shiga cikinta a ziyararta ta 2011, na tsaya gaban wani mai kifi na tambayi kuɗin kilo, amsar da ya bani ta ƙunshi kuɗin, da inda aka kamo kifin, da yadda matarsa ke dafa shi, da dalilin da yasa kifin Dablin ba kifi bane. Su a wajensu Kork ce babban birnin gaskiya, Dablin kawai riƙon ƙwarya take yi. 'Yan Man U na da, Roy Keane ɗan unguwar Mayfield ne a garin, duk shekarun da yayi a Ingila bakin nan bai bar shi ba, in yana faɗa a talabijin muryar na sirancewa tana hawa sama, toh haka duk garin suke in rai ya ɓaci. Chiedozie Ogbene ma da aka haifa a Legas ya taso a Kork, shine haifaffen Afirka na farko da ya bugawa babbar tawagar ƙasar wasa a 2021, kuma bakinsa na Kork ne zalla.

A wani shagon shayi wata tsohuwa ta tambayeni daga ina, nace Najeriya, tace wane gari, nace Kano, sai ta ajiye kofi tace kawunta fada ne, wato limamin cocin Katolika, yayi shekaru a Kaduna da Jos. Ba abun mamaki bane, gidan limaman mishan na SMA yana nan a titin Blackrock a cikin Kork, daga nan da yawansu suka tafi arewacin Najeriya, sistocin St. Louis kuma da suka zo Kano a 1948 tushensu garin Monaghan ne. Ina sauraronta ina jin muryar wata goggona da tayi makarantar sistocin, yadda take fitar da r a ƙarshen kalma da yadda take cewa "hec" in tana kiran harafin h, ashe hanya ce mai tsawo ta kawo wannan lafazin har tsakar gidanmu.

Ita r ɗin nan tana cikin manyan abubuwan da suka raba su da Ingila. Mutumin Landan haɗiye ta yake yi, mota "kaa", su kuwa daga Kork har Belfas sai sun furta abarsu. Sannan t ɗin ƙarshen kalma basa buga ta, sakinta suke yi da iska ta fito kusan kaman sh, shi yasa maganar take da laushi a kunne. Akwai kuma wani abu da ya bani tsoro da farko, mutum yana sauraronka sai kaji ya ja numfashi ciki da sauri yace "ya, ya", na ɗauka asma ce ta tasowa matar da muke hira, ashe e take cewa.

Sai Keri. Daga Killarney na bi bas zuwa Tralee, daga nan Dingle, hanya siririya tsakanin duwatsu da teku, tumaki an shafa musu fenti ja da shuɗi a baya dan kowa ya gane nasa. Wani manomi da ya rage min hanya a motarsa mai warin jiƙaƙƙen kare yayi min magana tun daga inda ya ɗaukeni har inda ya ajiyeni, wallahi abunda na tsinta bai wuce farashin rago da sunan Kano da ya maimaita ba. Duk s ɗin da ta haɗu da t ko n ko l sai ta koma sh, tsaya "shtop", yamma "wesht", kuma haƙora a haɗe, kalmomi na bin juna ba waƙafi. Da na bawa ƙanena labari a waya yayi dariya yace Yaya kar ka damu, a 2017 RTÉ ta yi hira da wasu manoman yankin dutsen Brandon da aka sacewa tumaki, bidiyon ya zaga duniya saboda 'yan Dablin ɗin ma da yawa basu gane me ake cewa ba. In kana son ɗanɗano ka nemi jawabin Michael Healy-Rae a majalisa, ɗan siyasar Kilgarvan mai hular nan da baya cirewa.

A Dingle ne abun ya fara haɗuwa min, dan a ƙauyukan yammacin garin har gobe akwai gidajen da ba Turanci ake yi ba, yarensu na gado ake yi, Ayirish, allunan hanya ma da shi kaɗai aka rubuta. Turanci ya shigo tsibirin ne tun bayan zuwan mayaƙan Normawa daga Birtaniya a 1169 amma ya daɗe a takure a kewayen Dablin da wasu garuruwa, har wani tsohon reshensa ya rayu a lardin Wexford zuwa ƙarni na 19, sunansa Yola, ba ta Adamawa ba. Talakan karkara kam da yarensa ya cigaba har aka kawo makarantun gwamnati a 1831 masu koyarwa da Turanci, sannan babbar yunwa ta 1845 zuwa 1852 da ciwon dankali ya jawo ta kashe wajen mutum miliyan ɗaya, wasu miliyan ɗaya suka tsere, kuma yankunan masu yaren ne suka fi shan wuya. Iyaye suka ga yaron da zai hau jirgin ruwa zuwa Amurka ko Libapul Turanci zai ci dashi, sai suka dinga tura yara gare shi, su kuma yaran suka koya a bakin mutanen da su ma koyo suke yi. Yaren ya ja baya, a ƙidayar 2022 masu yinsa kullum a wajen makaranta basu wuce 72,000 ba a jamhuriyar Ayalan, wato ɓangaren da baya hannun Landan, amma ƙashinsa yana nan a ƙarƙashin Turancin.

Shi yasa in ka tambayi mutum ko yaci abinci ba lallai yace e ko a'a ba, sai yace "na ci" ko "ban ci ba", dan a Ayirish babu kalmar e ko a'a tsurarta, aikatau ake maimaitawa. Shi yasa suke da kalma daban in mutane da yawa suke yiwa magana, "yi" a karkara, "yiz" ko "yuz" a Dablin da arewa, abunda Turancin littafi ya yar tuntuni. Wasu abubuwan kuma ba na yaren bane, tsohon Turancin ƙarni na 17 ne da Ingila ta bari su suka riƙe, kaman dattijon da zai ce maka "te" yana nufin shayi.

Daga Golwe na haura Donigol a bas, dan lardin ko layin dogo babu. Yana can ƙuryar arewa maso yamma amma a cikin jamhuriya yake, kuma in za'a tambayeni nan ne bakin da yafi kowanne daɗi. A hankali suke magana, murya ƙasa ƙasa, ƙarshen jimla ya ɗan ɗaga kaman ana lallashinka, ko cewa akayi ba ɗaki a masauki sai kaji kaman albishir ne. A wata mashaya a Gweedore, dan a ƙauyukan nan in kana son hira nan ne majalisa, ni da shayina su da abunsu ba wanda ya kalleni sau biyu, na zauna da wani dattijo da yayi aikin gini a Ingila a shekarun 1970. Nace masa duniya fa yanzu tana son bakinku, 'yan fim da mawaƙanku ko'ina rububinsu ake yi. Yayi shiru yana juya kofi, sannan yace lokacin da bama-baman IRA, ƙungiyar da ke yaƙin raba arewacin Ayalan da Birtaniya, ke tashi a Birmingham da Landan, in ya shiga kanti da yatsa yake nuna abunda yake so dan kar ya buɗe baki. Ya tuna min mutum shida da aka ɗaure kan harin Birmingham na 1974, sai 1991 aka sake su bayan an gano basu da hannu. Bakin dai shine bai canza ba, inji shi, masu sauraro ne suka canza.

Ana shiga Deri, wato an tsallaka ɓangaren Birtaniya, kuɗi ya koma fam, alamun hanya suka koma mil, magana kuma ta ƙara kauri da sauri. Dalilin a tarihi yake, daga 1609 Sarki James na Ingila da Sikotilan ya kwaso mutane daga Sikotilan da Ingila ya zaunar dasu a filayen arewa, ganuwar Deri da aka gina tsakanin 1613 da 1619 tana nan ana hawa kanta, kuma bakin Sikotilan ɗin ya zauna daram. E ɗinsu "ai" ce, yanzu "noi", takwas "iyet", kuma komai ƙarami ne a wajensu, "wii", mai kanti zata tambayeka kana son 'yar leda, ga ɗan rasit ɗinka, saka 'yar lambarka, ko firji ka saya ɗan firji ne. Kowace jimla tana ƙarewa a sama, sai ka ɗauka tambayarka ake yi alhali labari ake baka. Liam Neeson ɗan Ballymena ne, in kaji shi a hira ba a fim ba zaka ji wannan ƙasa ƙasa.

A Belfas lafazi ba abun wasa bane. Direban baƙar tasi da ya zaga dani titin Falls na Katolika da titin Shankill na Furotesta, da katangar da ta raba su wadda har yanzu ake rufe ƙofofinta da dare duk da sulhun 1998, yace lokacin rikici yara kan tare baƙon yaro suce ya karanto haruffa, in yazo kan h yace "hec" Katolika ne, in yace "ec" Furotesta ne, dan makarantunsu daban daban ne. Sunan garin da na baro ma haka, Deri ko Landanderi, wanda ka zaɓa ya gama faɗin ɓangarenka. Kuma daga 1988 zuwa 1994 gwamnatin Birtaniya ta hana a saka muryar Gerry Adams da 'yan jam'iyyarsa Sinn Féin mai alaƙa da IRA a rediyo da talabijin, sai gidajen labarai suka koma ɗauko 'yan wasan kwaikwayo masu bakin Belfas suna maimaita maganarsa a kan hotonsa. Nace masa kai kuma ya kake kiran harafin, yace ya danganta da wanda ke kujerar baya.

In na auna da sauran Turancin da kunnena ya sani, na BBC da muka taso muna ɗauka shine ma'auni tsaf yake amma a sanyaye, baka jin garin mai maganar a ciki. Na Amurka ya cika hanci kuma fim ya sa ya zama ruwan dare. Na Gilasgo yana da ƙarfi amma sai ka yi gumi. Na Libapul kuwa ɗan'uwansu ne, 'yan gudun yunwar nan ne suka cika garin suka bar masa wani abu a baki. Abunda na Ayalan ya fi su dashi a ganina kiɗa ne da kuma son zancen kansa, mutum baya baka amsa a miƙe in akwai hanyar da zata fi daɗi. Amma wannan "bakin Ayalan" guda ɗaya da ake kwaikwayo a finafinan Amurka ban haɗu dashi ko'ina ba, su kansu dariya yake basu. Kuma nayi ta tunanin yadda ake yiwa Bahaushe dariya a Legas dan ya juya p ta koma f, alhali ga mutanen da basu taɓa damuwa da th ba, sun fitar da marubuta huɗu da suka ci kyautar Nobel ta adabi, ba kuma wanda ya isa yace basu iya ba.

A daren da zan taho muka yi musu a falo, ƙanena yace Kork, ni nace Donigol, matarsa tace duk mun yi son kai, na tsofaffin matan cikin Dablin da ke kiran kowa "lob", wato masoyi, yafi, dan su ne suka riƙe ta lokacin da tazo bata san kowa ba. Babbar 'yar tana gefe tana danna waya, nace ke fa uwata, wanne kika zaɓa. Tace ita uku take dasu, na makaranta, na gida, da wanda take yi a TikTok dan ƙawayenta na Amurka su gane. Wai da makarantarsu ta kai su Landan wasu yara suka kewaye su suna ta cewa su faɗi talatin da uku su ji, ana ta dariya. Nace toh ya kika yi. Tace "Baffa faɗa musu nayi mana, torti tiri, sannan nace su kuma su faɗi ruwa muji inda suka kai t da r ɗin."